Yaya Sabo da Fim ɗin Matar da Ta Ƙi Buɗe Baki

Shekara biyar ke nan da aka kai Yaya Sabo maƙabartar Udu, a nan Riyad. Ban je ba, mata ba sa zuwa. Maigidana da ya je ya dawo yake ce mini ko shi aka ce ya koma ya nuna kabarin ba zai iya ba, don a ƙasar nan ba a rubuta suna, dutse ne kawai ake ajiyewa. Saboda haka ba ni da wurin da zan nuna wa 'ya'yana in ce ga inda kawunku yake. Abin da ya rage a hannuna faifan fim ne guda ɗaya, a cikin ledar burodi, bayansa duk ya karce. Kuma gara in faɗa muku tun yanzu, fim ɗin ba shi da daɗi ko kaɗan.

Na fara da wannan ne saboda abokan aikinsa na unguwar Sulai. Duk shekara in lokacin ya zagayo sai su ɗora hotonsa a waya, su rubuta wai mutum mai zurfin tunani, wani har da ɗan hoton nan mai hawaye. Su ɗin nan ne fa suka sa masa suna Sabo Maganin Barci. Su ne in ya kunna fim ɗinsa a ɗakin kwanansu sai wani ya miƙa ƙafa ya zare waya daga bango, a yi ta dariya. Yau da ba ya nan ya zama mai zurfin tunani. Ni dai ban taɓa ɓoye masa ba, a gabansa na ce fim ɗinsa ɓata lokaci ne, kuma ban canja magana don ya mutu ba.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Direban motar kaya ne a wani sito. Shi ya riga mu zuwa ƙasar nan, shi ya yi wa maigidana hanya, don abokinsa ne tun Haɗeja, daga baya aka kawo ni. Matarsa da 'ya'yansa suna gida, sai in ya samu hutu yake ganinsu, hutun kuwa ba kowace shekara ba. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci yakan zo ɗakinmu a unguwar Ulaisha da shinkafar kabsa a leda, mu ci, ya kishingiɗa har la'asar.

Yadda ya samu faifan ma abin dariya ne. A kasuwar Batha ya saya, wurin wani mai tallan safa da ke ɓoye fayafayai a ƙarƙashin tebur. A jikin kwalin an zana wani ƙato riƙe da takobi, Yaya ya ɗauka fim ɗin faɗa ne irin na 'yan Cana. Da ya kunna sai ga fim baƙi da fari, na mutanen Japan, wanda na tabbata ya girmi mahaifinmu. Babu takobi, babu ƙato. Wani zai koma ya yi rigima da mai safa. Shi sai ya zauna ya kalla har ƙarshe, ya sake kallo, ya kuma sakewa, har mutanen ɗakinsu suka fara cewa a nema masa rubutu ya sha.

Bari in gaya muku abin da ke cikinsa. Za a ɗora buta a wuta, to sai kun jira ta tafasa. Mutum zai zo bakin ƙofa ya cire takalmi, ya juya shi, ya shiga, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, mai gidan ya sunkuyar, shi ma ya sake sunkuyarwa. In aka fara ruwan sama, ku da ganin wani abu sai an ɗauke. Ba waƙa, ba rawa, ko mari ɗaya babu. In sun ga dama su yi magana, sai wani siririn rubutun Turanci ya fito a ƙasa, fari a kan fari, kafin ka haɗa harafi biyu ya ɓace. Ni da ma ba karanta shi zan yi ba. Hannuwansu da ƙafafunsu kawai nake kallo.

Lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru, ban daɗe da yaye Ummi ba. Ita ce 'yata ta fari, kuma sunan surukata aka sa mata, kun ga kunya ta zama biyu. Ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane, in ta faɗi da baƙi a ɗakin sai in kau da kai wani ya ɗaga ta. Haka aka koya mana. To amma a gida kunya ba ta da tsada. Ka kau da kai daga ɗanka, ga kakarsa a ɗakin can, ga gwaggonsa a bakin murhu, da yamma kuma ga shi nan ya dawo yana ja maka zani. A nan ɗaki ɗaya ne da ƙofar ƙarfe. Maigida ya fita tun asuba. Ni da ita ne wuni guda, ba mai shigowa. Na san yadda numfashinta yake in za ta yi mura tun kafin murar ta zo. Nakan tashi in taɓa tukunyar gas, in dawo in zauna, in sake tashi in taɓa. In na'urar sanyaya ɗaki ta yi ƙara daban da ta jiya, sai na ɗauke ta daga ƙarƙashinta. Wannan yarinyar ce aka ce ba tawa ba ce.

Surukata ta aiko daga Haɗeja cewa tunda an yaye, a kawo mata takwararta. Ba ta yi laifi ba, haka aka yi mata, haka ta yi wa wasu. Aka ce Hajiya Ladi, maƙwabciyarmu mai safarar abaya, za ta tafi gida kwanan nan, ita za ta riƙe ta a jirgi. Abin da ba wanda ya tsaya ya faɗa shi ne, in aka kashe wa yaro iƙama, wato takardar zama, ba kamar ka kai shi Gumel ba ne ka ɗauko shi ran kasuwa. In ta tafi ta tafi ke nan.

Matan unguwa suka riƙa shigowa yi mini barka. "Ke kam kin huta," in ji wata. "Wa ya taɓa riƙe 'yar fari? Sai ki samu sarari ki yi mata ƙani." Ina jinsu ina murmushi. Na san su sarai. Akwai wadda na taɓa zama kusa da ita ta kira gida, aka ba ɗanta waya, ya ce mata, "Anti, ina wuni." Ta yi dariya ta ce wai yaron akwai ladabi. Da ta ajiye wayar ta daɗe tana goge gilashinta da bakin mayafi, alhali ba abin da ya taɓa shi. Ita ce ta fi kowa ɗaga murya wajen yi mini barka.

Me zan ce? Uwa ta buɗe baki ta ce tana son 'yarta ta fari, a bakin duniya ai ta gama zubar da mutuncin gidansu. Na wanke kayan Ummi, na ninke, na zuba a jaka, na jingine ta a bayan ƙofa. Abinci ya daina shiga. Maigidana yana gani, amma tunda ban yi magana ba, shi ma ya samu inda zai laɓe.

Ran Juma'a Yaya ya zo da kabsarsa. Ya ga jaka ya tambaya, maigidana ya gaya masa. Ya ce, "Madalla." Shi ma ba shi da bakin magana, ɗan'uwan mace ne, 'ya'ya kuwa na dangin uba ne. Ya dube ni, ni kuma ina duban tabarma. Juma'ar da ta biyo baya sai ga shi da leda biyu, ɗaya ta shinkafa, ɗaya da na'urar faifai a ciki.

"Yau fim na kawo muku," in ji shi.

Maigidana ya ce, "Sabo, don girman Allah, ba dai wancan ba."

"Wancan ne. Matsa in jona."

"Mutum ya yi sati yana ɗaukar siminti, ranar hutunsa ɗaya ka zo ka sa shi kallon buta?"

"Kai dai ci shinkafarka, Malam. In barci ya ɗauke ka ai riba ka ci."

Aka kunna. Wata mata ce a wani ƙauye a bakin teku, ita da 'yarta ƙarama. Suna shanya kifi, suna cin abinci a ɗan ƙaramin tebur, ba mai cewa uffan. Ina kallo ina tsaki a ciki. Can sai ga wani tsoho da wata tsohuwa sun zo a kwalekwale. Aka yi ta sunkuye-sunkuyen nan. Aka dafa shayi, muka jira buta. Tsohuwar ta yi magana, ta dubi yarinyar. Matar ta sa goshi a ƙasa. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na ga yadda ta damƙe bakin rigarta a kan gwiwa har yatsunta suka yi fari, fuskarta kuwa tana murmushi.

Daga nan sai ninkin kaya. Jama'a, ban taɓa ganin an ɓata wa mutane lokaci irin wannan ba. Riga ɗaya za ta shimfiɗa, ta shafe ta da tafin hannu, ta ninke hannun dama, ta ninke na hagu, ta sake shafewa. Ta ɗauko wata. Ba a tsallake ko ɗaya ba. Maigidana ya fara gyangyaɗi. Ummi tana wasa da murfin kwano a gefen ƙafata. Ni kuwa wani abu yana taso mini daga ciki, na ɗauka haushin fim ɗin ne kawai. Aka fito bakin ruwa. Tsohuwar ta kama hannun yarinyar. Yarinyar ta waiwayo. Uwar ta tsaya da hannuwa a haɗe a gaba, ta buɗe baki kaɗan, na ce to alhamdulillahi, yau za a yi magana a fim ɗin nan. Sai ta rufe. Ta sunkuya.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Ke wace irin sakarya ce!" na ce da talabijin. "Buɗe baki ki ce ba ki yarda ba! 'Yarki ce fa! Wa zai san tana tari da asuba in ba ke ba? Sunkuyon me kike yi musu?"

Murfin kwano ya faɗi daga hannun Ummi. Maigidana ya farka yana dubana kamar bai taɓa ganina ba. Na tsaya a tsakiyar ɗaki, ɗankwalina ya zame, ga wana ga mijina, na rasa inda zan sa fuskata. Yaya ya miƙa hannu a hankali ya tsayar da fim ɗin, matar tana nan a sunkuye a jikin gilashi.

"Malam," in ji shi, "ni dai na sha kallon fim ɗin nan, ban taɓa samun mai fassara ba sai yau."

Ba wanda ya yi dariya. Maigidana ya tashi ya sa takalmi ya ce zai tafi masallaci, alhali ko kiran la'asar ba a yi ba. Yaya ya bi shi. Abin da suka tattauna a hanya ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Da suka dawo, maigidana ya tsaya a bakin ƙofa, ya taɓa jakar da ƙafa, ya ce, "A zazzage kayan nan, sun tare hanya."

Ba a kyauta na samu ba. Surukata ta daɗe ba ta karɓar gaisuwata a waya. Matan unguwa suka sa mini suna Baturiya, in na shiga taron suna sai hira ta tsaya. Hajiya Ladi ta cika gurbin Ummi da katan ɗin dabino ta yi tafiyarta, ta kuma kai labarina Haɗeja da ƙarin gishiri. Duk na shanye. Ina da abin da zan duba in na dawo ɗaki.

Daga baya na tambayi Yaya ko da gangan ya yi. Ya ce shi fim kawai ya kawo. Ya juya kofin shayi, sannan ya ce zuwansa gida na ƙarshe, ya yi sallama a ƙofar gidansa, ɗansa ya fito ya durƙusa ya gaishe shi da kyau, ya ce, "Bari in gaya wa Umma ta yi baƙo." A ranar ne na sa ya kunna mini ragowar fim ɗin, don in ga ko matar ta yi hankali. Ba ta yi ba. Ta koma gida ta tarar da ɗan takalmin katako na yarinyar a bakin ƙofa. Kullum da safe sai ta durƙusa ta gyara masa zama, ta daidaita ƙafa biyun. Shekaru suka wuce tana gyaran takalmi. A ƙarshe wata budurwa ta zo da laima, da alama 'yar ce ta girma, suka sunkuya wa juna, aka ɗora buta, ta sha shayi ta tafi. Shi ke nan fim ya ƙare. Har yau in na tuna matar nan raina ɓaci yake yi.

Bai fi shekara da 'yan watanni ba bayan wannan, Yaya yana ɗaure kaya a bayan mota cikin zafin nan na Riyad ya yanke jiki ya faɗi. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Aka tattara kayansa aka aika wa iyalinsa. Faifan ne ba wanda ya so, sai wani daga cikin masu zare waya ya kawo mini a ledar burodi, yana cewa wai marigayi yana ji da shi. Na karɓa na rufe ƙofa.

Yanzu garin ya canja, wanda ya bar shi a lokacin Yaya ba zai gane shi ba. An buɗe gidajen kallo, abin da a da ko a mafarki. Maigidana ya kai mu sau ɗaya. Sanyi kamar firji, gugguru a bokiti, ƙara har cikin haƙori. Motoci suna tashi sama suna kamawa da wuta, an kashe mutum ashirin kafin in gyara zama, kuma rabin 'yan kallon kansu a sunkuye yake a kan waya. Na ce a raina da Yaya yana nan da a nan zai rama, ya miƙe ƙafa ya yi barcinsa. Matan nan da suka ce mini Baturiya kuwa, yau su ne ke ɗora hoton 'ya'yansu na fari a waya, da cikakken suna, da jan zuciya a gefe. Ba wadda ta zo ta ce mini ashe kin riga mu. Ba na ma jira.

Abin da nake yawan tunani shi ne, da yau ne da dabarar Yaya ba ta ci ba. Yanzu wa zai zauna buta ta tafasa? Da yatsa ake ture fim a wuce wurin da ba a so. Da maigidana ya ciro waya, da ni ma na ce a tura gaba, da an wuce ninkin kayan nan cikin ƙiftawar ido. To ninkin kayan ne ya yi aikin. Rashin daɗin fim ɗin ne ya tsare ni a wuri ɗaya, ba inda zan gudu, har abin da na haɗiye ya taso da kansa. Mai daɗi da ya ɗauke mini hankali, in yi dariya, a wayi gari in raka 'yata filin jirgi ina murmushi.

Ba don tuna baya kawai nake wannan rubutu ba. Bayan Sallar da ta wuce maganar ta dawo. Ummi ta kai shekara takwas, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, in an ba ta kakarta a waya sai ta yi ta haɗa yare biyu tsohuwa tana cewa me ta ce. Zama da iyali a nan ya yi nauyi, mutane da yawa sun mayar da nasu gida. Surukata kuma ta tsufa, tana cewa a kawo mata takwara ta ganta kafin ta mutu, kuma wallahi tana da gaskiyarta. Muna cin abinci maigidana ya ce, "Ina ganin bana in an yi hutun makaranta, Ummi za ta koma Haɗeja wurin kakarta Hajiya."

Abin da ya fara zo mini shi ne in ɗauko faifan, sai na tuna na'urar ta daɗe da mutuwa, mai kunna ta kuma yana Udu. Ba wanda zai zo ran Juma'a da leda biyu. Na ji bakina yana shirin yin murmushin nan, na ji yatsuna sun damƙe bakin zani a kan gwiwa. Na dubi hannun nawa, na gane shi.

Na ce, "Malam, in gaisuwa ce, mu je tare mu gaida Hajiya mu dawo tare. In zama ne, ka mayar da mu gaba ɗaya, ni da ita da ƙaninta. Amma ba zan zauna a ɗakin nan ina gyaran takalmin da babu ƙafa a ciki ba."

Ya ajiye cokali. "Sabo," in ji shi, "yana kabari ma bai ƙyale ni ba."

Daga nan bai sake tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Muka yi kwanaki kamar mutanen fim ɗin, a ɗora buta, a sha shayi, kowa ya kau da kai. Na rame a tsaye. Ko motsi ya yi da waya sai in kasa kunne in ji ko da mai sayar da tikiti yake magana. Ran wata Alhamis ya dawo daga Batha da kwali a hammata, ya ajiye a bakin ƙofa. Baƙin takalmin makaranta ne na Ummi, irin wanda makarantarsu ta nan take so. Ya ce ya ɗauko mai ɗan girma don ya kai ta baɗi. Ya ce kuma in an yi hutu mu shirya, mu duka, za a je a gaida Hajiya a dawo.

To wannan shi ne abin da Yaya Sabo ya bari. Bai bar gida ba, bai bar mota ba, ko kabarinsa ba a sani ba. Masu ɗora hotonsa su ci gaba, ba su san komai a kansa ba. Ya bar faifan da ba na'urar kunna shi, da ƙanwa wadda ta koyi buɗe baki saboda haushin wata mata 'yar Japan da ko sunanta ba ta sani ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari a Haɗeja.

Takalmin yana nan a bakin ƙofa ina wannan rubutu. Ummi in ta dawo makaranta watsar da shi take yi, ƙafa ɗaya a nan, ɗaya a can ƙarƙashin abin wanki, a kife. Ba na taɓa shi. Daga inda nake zaune nake ɗaga murya in ce ta zo ta gyara abinta, sai in ji ta daga cikin ɗaki tana cewa, "Mama, ina zuwa mana!"